Yanyawa ta shigo gari: Yadda masu kiwon kajin gida ke tsare kajinsu a Paris da Lyon

A watan Afrilun 2020, lokacin da dokar kulle ta annobar korona ta tsare Faransawa a gidajensu, wasu hotuna sun karaɗe kafafen yaɗa labarai na ƙasar. Hotunan 'ya'yan yanyawa ne suna wasa a tsakanin kaburbura a maƙabartar Père-Lachaise da ke gunduma ta 20 a gabashin birnin Paris. Jami'in da ke kula da maƙabartar, Benoît Gallot, shi ne ya ɗauke su.

Mazauna birnin da dama sun yi murna da ganin namun daji sun samu wurin zama a tsakiyar ɗaya daga cikin biranen da suka fi cunkoso a Turai. Amma ga masu ajiye kaji biyu ko biyar a bayan gida, hotunan sun tabbatar da abin da suka daɗe da sani. Kiwon kaji a birni bai raba mutum da asarar da makiyayin ƙauye ke kuka da ita ba, kuma dare ɗaya ya isa a wayi gari babu kaza ko ɗaya a akurki.

Yadda kaji suka koma birane

Bayan yaƙin duniya na biyu, kiwon kaji a gida ya ja baya sosai a biranen Faransa, saboda manyan gonaki da kantuna sun sa ƙwai da nama sun yi araha. Daga shekarun 2010 ne al'adar ta sake farfaɗowa. A 2012 ƙauyen Pincé da ke lardin Sarthe ya raba wa magidanta kaji domin su riƙa cinye ragowar abinci, garin Barsac ya bi sahu a 2013, sai yankin Colmar a 2015. Hukumomin da ke wannan rabo kan ƙiyasta cewa kaza ɗaya za ta iya cinye ragowar abincin da ya kai kilo 150 a shekara. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2024 kuma doka ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar wa jama'a hanyar ware sharar abinci daga sauran shara, abin da ya ƙara wa kaza farin jini.

A cikin Paris kanta, inda yawancin jama'a ke zaune a gidajen bene, an fi samun kaji a lambunan haɗin gwiwa na unguwanni da makarantu da gonakin koyarwa, irin su Ferme de Paris da ke dajin Vincennes. Mafi yawan kajin gida suna unguwannin bayan gari ne, inda gidaje ke da ɗan fili. Haka abin yake a babban yankin Lyon mai ƙananan hukumomi 58 da mutane kimanin miliyan 1.4, inda unguwannin yamma ke manne da tsaunuka da gonaki.

Yanyawa ce, ba dila ba

A Amurka da Kanada babban abin da mai kajin gida ke tsoro shi ne koyote, wata dabba mai kama da kare da ta saba da rayuwa har a manyan birane irin su Chicago da Los Angeles. Babu ita a Turai. Wadda ke wannan aiki a Faransa ita ce jar yanyawa, wadda Faransawa ke kira renard.

Sau da yawa akan fassara sunanta da dila a Hausa, amma dabbobi ne daban. Jar yanyawar Turai 'yar uwar yanyawar da aka sani a Sahel ce, sai dai ta fi ta girma, domin nauyinta kan kai kilo 5 zuwa 8. Dila kuwa baƙo ne a Faransa. A ƙarshen 2017 ne kyamarar da ake ɗanawa a daji ta fara ɗaukar hotonsa a lardin Haute-Savoie, cikin babban yankin da Lyon ke zaman hedikwatarsa, bayan ya daɗe yana yaɗuwa daga kudu maso gabashin Turai. Har yanzu jefi-jefi ake ganinsa, kuma doka ba ta ba da damar farautarsa ba.

Faransawa sun daɗe da sanin wayon yanyawa kamar yadda Hausawa suka san na dila. Labaran Roman de Renart na ƙarni na 12 da na 13, waɗanda a cikinsu wata yanyawa mai suna Renart ke yaudarar zakara da sauran dabbobi, sun yi tasirin da har sunan ya maye gurbin tsohuwar kalmar da ake kiran dabbar da ita, wato goupil.

Hanyoyin shigarta gari sanannu ne. A Paris akwai dazuzzuka biyu, Boulogne a yamma da Vincennes a gabas, ga kuma tsohon layin dogon nan na Petite Ceinture mai tsawon kilomita 32 da ya zagaye birnin, wanda aka daina jigilar fasinja a mafi yawansa tun 1934, ciyayi suka mamaye shi. Daina fesa maganin ciyawa a maƙabartun birnin tun 2015 ya ƙara yawan ƙwari da ƙananan dabbobin da take ci. A Lyon kuwa gaɓar kogunan Rhône da Saône, da gangaren tudun Fourvière, da babban dajin shaƙatawa na Miribel-Jonage mai faɗin hekta 2,200, su ne ke haɗa daji da tsakiyar gari.

Sanin lokutanta na taimaka wa mai kiwo. Tana barbara tsakanin Disamba da Fabrairu, ta haihu a Maris ko Afrilu bayan ciki na kwana 52 ko kusa da haka, yawanci 'ya'ya huɗu ko biyar. Daga Mayu zuwa Yuli, lokacin da 'ya'yan suka fara cin nama, iyayen kan fita nema har da rana tsaka, kuma a nan ne aka fi yin asarar kaji. Daga Satumba kuma matasan da suka rabu da iyayensu kan bazu neman wurin zama, su gwada sa'arsu a kowane shinge.

Tana iya haura shinge mai tsayin mita biyu idan ta samu wurin taka ƙafa, tana haƙa rami ta ƙarƙashinsa, tana kuma ratsa kafar da faɗinta bai wuce santimita 12 ba. Idan ta shiga akurki takan kashe fiye da abin da za ta iya ci. Masana halayyar dabbobi sun bayyana cewa firgita da fuffukar kaji a wurin da ba su da hanyar gudu ne ke ci gaba da zaburar da ita. Daga nan sai ta riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana binnewa domin gobe, shi ya sa wadda ta yi ɓarna yau takan dawo washegari.

Ƙananan da suka fi wuyar tarewa

Yawancin masu kiwo kan ɗora wa yanyawa laifin kowace asara, alhali sau da yawa mai laifin bai kai rabin girmanta ba. Na farko ita ce fouine, wata doguwar dabba mai gajerun ƙafafu da farin maƙogwaro, wadda a siffa ta yi kama da tunku. Nauyinta bai cika wuce kilo biyu ba. Ta saba da zama kusa da mutane, tana kwana a rufin gidaje da garejin mota, har ta yi suna wajen tattauna wayoyin injin mota. Gwana ce wajen hawa bango da bishiya, kuma kafa mai faɗin santimita 5 ta ishe ta shiga. Tana son ƙwai ƙwarai. A kan ce tana tsotse jinin kaji, amma gaskiyar ita ce a wuya ko a ƙeya take cizo, ta bar gawar a wurin saboda ba ta iya fita da ita ta kafar da ta shigo.

Ƙanwarta belette ita ce mafi ƙanƙanta a cikin dabbobi masu cin nama a Turai. Kafar da ta ɗan wuce santimita 2 ta ishe ta. Ba ta cika tunkarar babbar kaza ba, 'yan tsaki ne abin harinta.

Sai ɓera, wanda a Paris da Lyon ya fi kowa yawa. Tsabar da ta zube da ruwan sha ne ke janyo shi. Yana cin ƙwai, yana kashe 'yan tsaki, yana ɓata abinci da fitsarinsa, kuma ramukan da yake haƙawa su ne fouine da belette ke bi daga baya. A wasu sassan ƙasar, musamman arewa maso gabas, an samu ƙarin wata baƙuwar dabba daga Amurka, raton laveur, wadda ke da yatsun da za su iya zare sakata.

Kada kuma a manta da kare. Karen maƙwabci da ya kuɓuce da rana zai iya halaka garken kaji cikin 'yan mintuna. Sashe na 1243 na kundin dokokin zamantakewa na Faransa ya ɗora wa mai dabba alhakin duk ɓarnar da ta yi, ko da ɓacewa ta yi ko tserewa, don haka wanda aka yi wa ɓarna na da hurumin neman diyya.

Barazana daga sama

Hausawa na cewa kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma wannan magana tana nan daram a bakin kogin Rhône. Shirwar da Faransawa ke kira milan noir takan iso yankin Lyon a watan Maris, ta yi sheƙa a bishiyoyin gaɓar kogi, ta koma Afirka ta kudu da Sahara a watan Agusta, da yawa daga cikinsu zuwa Afirka ta Yamma. Mushe da matattun kifaye ne yawancin abincinta, amma ɗan tsakon da ya yi nisa da uwarsa ba ya tsira daga gare ta.

Wanda ya fi haɗari ga manyan kaji shi ne wani babban shaho mai suna autour des palombes, wanda ke zaune a dazuzzuka, yana kai farmaki daga cikin bishiyoyi da saurin da kaza ba ta ankara. Wani kuma mai suna buse variable, da ake yawan gani a kan turakun gefen hanya, ɓerayen gona ya fi ci, ko da yake yakan ɗauki ƙananan kaji. A cikin gari kuwa hankaki da dangoginsu ne ke satar ƙwai da 'yan tsaki, musamman idan kaji na yin ƙwai a fili.

Yadda ake gane mai laifi

Kafin a kashe kuɗi wajen gyara, ya kamata a san ta ina ɓarnar ta fito. Idan kaza ta ɓace ɗungurungum, aka ga gashinta a warwatse har zuwa gindin shinge, ko aka ga sabon rami, to alamar yanyawa ce. Sawunta ya fi na kare tsawo da sirantaka, kuma takan bar wari mai ƙarfi.

Idan aka tarar da gawarwaki da yawa a cikin akurki a rufe, da cizo a wuya ko babu kawuna, ƙofa kuma ba a taɓa ta ba, sai a duba sama da kusurwoyi, domin aikin fouine ne. Kazar da aka fige a wuri ɗaya da rana, aka cinye ƙirjinta, gashin ya yi da'ira, shaho ne ya kama ta. Kare kuwa yakan yayyaga ya watsar ba tare da ya ci ba. Ƙwai da aka huda aka shanye aikin hankaka ne, ɓacewar 'yan tsaki ɗaya-ɗaya cikin dare kuma ta fi kama da ta ɓera.

Ƙaramar kyamarar da ke ɗaukar hoto da kanta idan ta ji motsi, wadda yanzu ake sayarwa a kantunan kayan lambu, takan warware gardama cikin dare biyu ko uku.

Ginin da ke hana ɓarna

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kusan duk shawarwarin ƙwararru sun tattaru ne a kan toshe kafa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da siririyar ragar waya mai ido shida-shida da aka fi sani da ragar kaji. An yi ta ne domin hana kaji fita, yanyawa da kare kuwa suna iya yaga ta da haƙora. Abin da ake so shi ne ragar ƙarfe da aka yi wa walda, mai kaurin waya aƙalla milimita ɗaya, wadda idonta bai wuce milimita 13 zuwa 19 ba, domin ta tare har belette da ɓera.

Tsayin shingen ya kai mita 1.8 zuwa 2, a lanƙwasa samansa zuwa waje da kamar santimita 30 zuwa 40 domin mai hawa ya rasa yadda zai tsallaka. Daga ƙasa kuma a binne ragar zurfin santimita 40 zuwa 50. Inda ƙasa ke da tauri ko saiwoyi, akwai dabara mafi sauƙi: a shimfiɗa ragar a kwance daga gindin shingen zuwa waje, faɗin rabin mita, a rufe da ƙasa ko duwatsu. Yanyawa a gindin shinge take fara tono, idan ta ci karo da ƙarfe ba ta cika tunanin ja da baya ta sake farawa ba. A nisantar da tarin itace da ganguna da rassan bishiya daga shingen, domin su ne matakalarta.

Filin da kaji ke kiwo idan ƙarami ne, ya fi kyau a rufe samansa gaba ɗaya. Ragar zare tana tare tsuntsaye, amma ba ta hana fouine, sai ragar ƙarfe. Idan filin ya yi girman da ba za a iya rufewa ba, a dasa ƙananan bishiyoyi masu duhuwa ko a kafa rumfuna inda kaji za su ruga idan sun hangi inuwar shaho.

Shi kansa ɗakin kwanan, ko dai a ɗaga shi daga ƙasa da santimita 30 zuwa 50, ko a yi masa daɓen kankare. Kowace tagar shan iska a rufe ta da raga, a duba tsakanin bango da rufi, a kuma sa sakatar da sai an yi motsi biyu kafin ta buɗe, ko kwaɗo. Masu filin da ya fi girma kan ƙara da wayar lantarki mai aiki da batir ko hasken rana, layi ɗaya kusa da ƙasa, ɗaya a sama. Ba ta kisa, tana razanarwa ne, amma sai an riƙa yanke ciyawar da ke taɓa ta, in ba haka ba ƙarfinta ya zube.

Kafin a fara gini a leƙa ofishin magajin gari. A ƙa'ida, ginin da bai kai murabba'in mita 5 ba ba ya buƙatar izini, daga 5 zuwa 20 sai an sanar da hukuma tun kafin a fara, abin da ya haura haka kuma sai da takardar izinin gini. Dokokin gidajen haya da na unguwa na iya hana kiwon baki ɗaya.

Ƙofa, lokaci da abinci

Shinge mai kyau ba ya amfani idan an manta ƙofa a buɗe. Yawancin hare-hare na faruwa ne tsakanin magariba da fitowar rana, shi ya sa ƙofa mai rufe kanta, wadda ke aiki da agogo ko da na'urar gane haske, ta zama ruwan dare a Faransa. Sai dai tana buƙatar sa ido. Batir na mutuwa, hasken fitilar titi na ruɗa na'urar, wata kazar kuma takan makara a rufe ta a waje. Tsawon yini a Paris yana sauyawa daga kimanin awa 8 a Disamba zuwa awa 16 a Yuni, don haka ƙofar da aka saita da agogo sai an riƙa gyara mata lokaci.

A watan Maris na 2019, a makarantar koyon aikin gona ta Le Gros Chêne da ke Pontivy a yankin Bretagne, wata matashiyar yanyawa ta shiga ɗakin kaji 3,000 da magariba, ƙofar ta rufe da ita a ciki. Da safe gawarta aka tarar, kajin sun taru sun caccake ta. Labarin ya zagaya duniya saboda ba a saba jin irinsa ba. Mai kaji huɗu da hakan ta faru da shi, shi ne zai kwana da asara.

Abinci shi ne abu na biyu. A ajiye tsaba a cikin ganga ta ƙarfe mai murfi, a kwashe ragowa kafin dare, a kwashe ƙwai kullum, kada a bar abincin kyanwa ko na kare a waje. Akwai mazubin abinci da ba ya buɗewa sai kaza ta taka wani faranti, wanda ke rage rabon ɓera sosai. Zakara na faɗakar da kaji idan ya hangi haɗari, zabi ma haka, amma a birni kukansu na haɗa mutum da maƙwabta. Dokar 29 ga Janairun 2021 da ta amince da sautuka da ƙamshin karkara a matsayin abin gado, wadda ta biyo bayan shari'ar wani zakara mai suna Maurice a tsibirin Oléron, domin karkara aka yi ta. Fitilu masu walƙiya da rediyo da magungunan wari kuwa kan yi aiki na 'yan kwanaki ne, daga nan dabbar ta saba.

Abin da doka ta yarda da wanda ta hana

Mai kiwon da ransa ya ɓaci na iya jefa kansa cikin matsalar da ta fi asarar kaji. Sa wa waɗannan dabbobi guba haramun ne a Faransa. Dukkan shahuna da shirwa da mujiyoyi suna ƙarƙashin kariyar doka tun shekarun 1970, kuma kashe dabbar da ke da kariya da gangan na iya jawo ɗaurin shekara uku da tarar yuro 150,000.

Yanyawa da fouine da belette da wasu nau'o'in hankaka suna cikin jerin da a da ake kira na dabbobi masu cutarwa. Dokar kare halittu ta 2016 ta sauya sunan zuwa dabbobin da ka iya yin ɓarna, a taƙaice ESOD. Ma'aikatar muhalli ce ke fitar da jerin duk bayan shekara uku, lardi-lardi, kamar wanda ta fitar ranar 3 ga Agustan 2023, don haka abin da ya halatta a wani lardi na iya zama laifi a na kusa da shi. Inda aka yarda da ɗana tarko ma akwai sharuɗɗa kan irin tarkon da kuma duba shi kowace safiya, kuma masu wannan aiki kan yi horo na awa 16 kafin wakilin gwamnati a lardi ya ba su lasisi.

Hanya mafi aminci ita ce kai ƙorafi ofishin magajin gari ko hukumar kula da halittu ta ƙasa, OFB, wadda aka kafa a 2020. Idan ɓarna ta yi yawa, hukuma na iya tura jami'an sa-kai da ake kira lieutenants de louveterie, muƙamin da asalinsa ke komawa zamanin sarki Charlemagne, lokacin da aikinsu shi ne farautar kyarkeci.

Muhawarar kisa ko kariya

Ƙungiyoyin kare namun daji irin su ASPAS na ƙiyasta cewa ana kashe yanyawa fiye da rabin miliyan kowace shekara a Faransa. Maharba da manoma da dama na cewa ba don haka ba da asarar kaji da tsuntsayen daji ta fi haka, suna kuma nuni da wata tsutsa da yanyawa ke ɗauke da ita, wadda kan yi wa hantar ɗan'adam mummunar illa.

Masu adawa na cewa duk wurin da aka kashe ɗaya, wata ce ke maye gurbinta cikin ɗan lokaci, kuma yanyawa na rage wa manoma ɓerayen gona masu yawan gaske. Masanin tsuntsaye Frédéric Jiguet na gidan adana tarihin halittu na ƙasa da ke Paris ya wallafa maƙala a 2020 yana kira da a sake nazarin wannan tsari, a auna amfaninsa da kuɗin da yake ci. Sukan kuma ba da misali da Luxembourg, wadda ta haramta farautar yanyawa tun 2015. Tarihi ma ya ba su hujja: ciwon haukan kare da ya addabi yanyawar Faransa daga 1968 bai kau da kisa ba, sai da aka riƙa watsa abinci mai ɗauke da rigakafi a dazuzzuka, har aka ayyana ƙasar ta rabu da shi a 2001.

Ga mai kaji biyar a bayan gida, darasin da ke cikin wannan muhawara ɗaya ne. Kawar da dabba ɗaya ba ya toshe kafar da ta shigo ta ciki.

Darasi daga Bresse

Kimanin kilomita 70 arewa maso gabashin Lyon akwai garin Bourg-en-Bresse, cibiyar yankin da ke kiwon kazar da ta fi kowace daraja a Faransa, mai farin gashi da shuɗayen ƙafafu. Tun 1957 doka ta kare sunanta, kuma manyan masu dafa abinci na Lyon irin su Paul Bocuse sun ƙara ɗaukaka ta. Ƙa'idar kiwonta ta tanadi kowace kaza ta samu aƙalla murabba'in mita 10 na ciyawa, ta yi watanni tana yawo tana neman tsutsa da ƙwari.

Fili irin wannan ba ya rufuwa da raga, saboda haka makiyayan Bresse na zaune da yanyawa da shaho shekara da shekaru. Abin da suke yi shi ne haɗa matakai: wayar lantarki a kewaye, rufe ɗakuna kowace yamma, shingen bishiyoyi domin mafaka, wasu kuma har da karnukan gadi. Duk da haka sukan yi asara, su sa ta cikin lissafi. Wannan na daga cikin dalilan tsadar kazar.

Haɗurran da shinge kaɗai ba ya tarewa

Rufe saman akurki na da wani amfanin. Murar tsuntsaye ta sa an halaka kaji da agwagi fiye da miliyan 20 a Faransa a kakar 2021 zuwa 2022. Tun 2006 doka ta buƙaci duk mai ajiye tsuntsaye a waje ya yi rajistarsu a ofishin magajin gari, kuma duk lokacin da gwamnati ta ɗaga matakin haɗari zuwa mafi girma, dole ne a kulle kajin gida ko a rufe su da raga domin kada su haɗu da tsuntsayen daji. Cutar ba ta bar mafarautan ba: a watan Maris na 2023 Faransa ta ba da rahoton samunta a jikin yanyawa kusa da garin Meaux, gabas da Paris. Wanda ya tsinci mushen tsuntsu ko na yanyawa kada ya taɓa da hannu.

Akwai kuma gurɓatar ƙasa. A 2023 hukumar lafiya ta yankin Paris ta gwada ƙwai daga gidajen kaji 25, ta gano sinadarai masu daɗewa a jiki, ta shawarci mazauna ƙananan hukumomi 410 na birnin da kewayensa da su guji cin ƙwan kajin gida, musamman yara da masu juna biyu da masu shayarwa. A kudancin Lyon ma hukumomi sun ba da irin wannan shawara a garuruwan da ke kusa da masana'antun sinadarai, ciki har da Pierre-Bénite da Oullins, saboda sinadaran PFAS. Kaza na haɗiye gurɓatar ne yayin da take tonon ƙasa, don haka mazauna waɗannan wurare na buƙatar sanin shawarar hukumar lafiya ta yankinsu kafin su fara kiwo.

Abin da ya shafi mai kiwo a ƙasar Hausa

Sunayen dabbobin sun bambanta, amma mai kaji a Katsina ko Maraɗi zai gane kusan duk abin da aka zayyana. Muzuru da tunku na yin aikin fouine, gafiya da ɓera na haƙa ramuka, shaho da shirwa na shawagi a kan 'yan tsaki, ga maciji da ke bin ƙwai. Dabarun gargajiya ma sun yi daidai da abin da ƙwararru ke koyarwa a Turai: akurkin laka mai ƙaramar ƙofa da ake toshewa da magariba, da kife 'yan tsaki da kwando har su yi ƙwari.

Abin da za a iya ƙarawa ba mai tsada ba ne. Ragar ƙarfe mai ƙananan idanu a tagogin akurki, daɓen siminti ko na duwatsu a ƙasa, rumfa ko inuwar bishiya a tsakar gida, da killace 'yan tsaki a makonni huɗu zuwa shida na farko, lokacin da aka fi rasa su. Ga iyalin da kaji ne asusunsu na kuɗin magani da na makaranta da hidimar sallah, kowane ɗan tsakon da ya tsallake waɗannan makonni ƙari ne a cikin jari.